Ƙannena masu karatun littafin alamomi, ku tsaya mu yi magana

Assalamu alaikum ƙannena na Nima da Maamobi a nan Accra, maza da mata. Magana nake so mu yi a kan karatun nan da kuka fara a gurup na WhatsApp, wanda kowane sati ake ɗaukar babi ɗaya sannan ranar Asabar a haɗu a bes, wato majalisarku ta unguwa, a tattauna. Wallahi haɗuwar ta yi min daɗi, a wannan zamanin da waya ta cinye mana lokaci a ce yaran Zango sun zauna da littafi a hannu ai abin a sa muku albarka ne. Amma littafin da kuka zaɓa, da kuma yadda na ga hirar tana tafiya, shi ne ya hana ni yin shiru.

Abin da littafin yake koya muku a taƙaice shi ne wai babu abin da ke faruwa haka kawai, duniya tana aiko maka da saƙo, in ka duba waya ka ga 11:11 saƙo ne, in ka tuna mutum sai ga kiransa saƙo ne, in ka tsinci gashin tsuntsu a bakin ƙofa shi ma saƙo ne, kuma ƙarshen kowane babi an ba ku aikin gida ku rubuto alamun da kuka gani a satin. Wannan tunanin ba sabo ba ne. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, shi ya yi fice da shi a rubutun da ya fitar a 1952, ya ba da labarin wata mara lafiyarsa da take gaya masa ta yi mafarkin an ba ta buzuzun zinariya, tana cikin magana sai ga wani ƙwaro mai kama da shi yana buga taga. Labari ne mai daɗin ji, ba musu. To amma mutumin nan ya shekara da shekaru yana sauraron mafarkan mutane, sauran mafarkan da ba abin da ya buga taga fa? Su ba wanda yake ba da labarinsu.

Kuma abin da ke faruwa a gurup ɗinku ke nan. Wanda ya ga wani abu ya zo ya zuba, kowa ya ce Allahu akbar jikina ya yi sanyi, wanda bai ga komai ba kunya ta kama shi kamar shi ne zuciyarsa take a rufe, sati mai zuwa shi ma dole ya nemo nasa. Sau nawa ka duba waya yau ka ga 10:47 ko 3:26? Ba ka riƙe ba. Sau nawa ka tuna abokinka na Kumasi bai kira ba? Ba ka rubuta ba. Daidai da masu lissafin loto ne da kuke gani a gefen kiyos da takardunsu da jan biro, kullum lambar da ta faɗo suke nuna maka, waɗanda suka zube kuwa ko a baki ba za ka ji ba. Ku gwada wani abu ma, masana lissafi sun tabbatar in mutum 23 suka taru, damar a samu biyu da ranar haihuwarsu ta zo ɗaya ta haura rabi. Ku kun fi haka yawa, kowa ya rubuto tasa ku gani. Dacewa abu ne da ke faruwa kullum a gari mai cunkoso irin Accra, rashinta ne ma zai zama abin mamaki.

Da a ce abin ya tsaya a hira da ban damu sosai ba. Amma na karanta da idona wata ƙanwata tana cewa sunan wani saurayi ya fito mata a wuri uku rana ɗaya, a bayan motar haya ta trotro, a allon wani shago, da bakin met, yaron mota, yana kiran wani fasinja, don haka ta san shi ne mijinta. Haba ƙanwata. Sunan da rabin Zango ke amsawa? Kin tambayi sallarsa, kin tambayi sana'arsa, kin san yadda yake yi wa mahaifiyarsa magana? Wani kuma mai sayar da caja da kaba na waya a Circle ya ce ya yi ta cin karo da rigar ƙwallon Italiya, wai hanya ce take kiransa, yana shirin sayar da ɗan tebur ɗinsa ya bi ta Agadez. Wannan hanyar ta Sahara da teku duk mun san gidajen da aka yi zaman makoki babu gawa saboda ita. Rigar bosho da aka zubo daga dila a kasuwar Kantamanto ce za ta yanke maka wannan hukuncin?

Ku dawo gida ku ji yadda Manzon Allah (SAW) ya yi da dacewar da ta fi duk waɗanda ke cikin littafinku girma. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, shekara ta 10 bayan hijira, a ranar rana ta yi husufi. Manyanku da suka ga husufin 29 ga Maris 2006 a nan Accra za su gaya muku yadda abin yake, da safe gari ya yi duhu, jikin kowa ya mutu. To ku haɗa wannan da rasuwar ɗan Annabi a rana ɗaya. Mutanen Madina suka ce ai don mutuwar Ibrahim ne. Uba ne yana cikin baƙin ciki, kuma maganar ɗaukaka shi take yi, da ya yi shiru ma ba mai cewa komai. Amma ya tashi ya gaya musu rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in kun gani ku yi salla ku yi addu'a. Yana cikin Bukhari da Muslim. Ni duk lokacin da na tuna wannan sai idona ya kawo ruwa, saboda gaskiyar bawan Allah nan. In shi ya ƙi ɗaukar husufin rana a matsayin saƙo game da gidansa, ni da kai su wa da za mu ce agogon waya yana mana magana?

Na san wani zai ce yaya ai Annabi yana son fata nagari. Haka ne, ya ce babu camfi, amma kyakkyawar kalma tana burge shi. A Hudaibiyya, shekara ta 6, da Ƙuraishawa suka turo Suhailu ɗan Amru ya ce al'amarinku ya yi sauƙi, saboda sunan. Amma ku lura, ya riga ya fito, ya riga ya yanke abin da zai yi, sunan ƙarin ƙarfin gwiwa kawai ya ba sahabbai, ba shi ya fito da su daga Madina ba kuma ba shi zai mayar da su ba. Wanda aka hana shi ne irin na jahiliyya, mutum zai yi tafiya sai ya kori tsuntsu, in ya yi dama ya tafi in ya yi hagu ya fasa. Hadisin Ibn Mas'ud a Abu Dawud cewa ya yi camfi shirka ce, kalmar da nauyi ƙwarai. Duk abin da ya tura ka ko ya tsayar da kai alhali ba shi da alaƙa da lamarin, ko tsuntsu ne ko lamba, hukuncinsu ɗaya.

Kuma ba a bar mu hannu rabbana ba. Akwai istihara, raka'a biyu da addu'ar da Jabir ya ce Annabi yana koya musu ita kamar yadda yake koya musu sura, ba sharaɗi ba ne sai ka yi mafarkin fari ko kore. Akwai shawara, a Ali Imrana aya ta 159 shawara aka fara ambata, sannan azama, sannan tawakkali. Na fahimci abin da ke jan ku, babu aiki, haya ta yi tsada, kuɗinmu sidi ba ya auki, zuciya tana son wani ya ce mata kina kan hanya. Wallahi ina jin wannan. Amma a wurin iyaye da malamai da waɗanda suka riga ku shiga harkar ake neman wannan amsar.

Ban ce ku watse ba, ban ma ce ku yar da littafin ba, tunda kun fara ku ƙarasa da ido biyu. Roƙona ga admin shi ne a canza aikin gidan, duk wanda zai kawo alama ɗaya da ta dace ya kawo har da waɗanda ya jira ba su zo ba a satin. A samu malami ɗaya cikin na unguwa ya zauna da ku ko sau ɗaya ku karanta babin hana camfi a Riyadus Salihin, gajere ne. Sannan wanda ya fara turo lambobin mafarki don a buga loto, dan Allah a goge a ja masa kunne a gefe, a cikin lamba 90 biyar ake zarowa, damar lambobi biyun da ka zaɓa su faɗo kusan ɗaya ce cikin 400, kuma caca ce ko ta faɗo.