Wai in kawo takardar mallakar lungu!

Ranar Talata na kai ƙorafi sakatariyar ƙaramar hukumarmu a kan lungun da aka toshe mana, kuma har yanzu raina bai daina tafasa ba. Lungun nan tun kafin a haife ni ake bin sa. Ta nan ake fita da makara zuwa maƙabarta, ta nan 'yan Islamiyya ke wucewa, ta nan masu kurar ruwa ke shigo mana. Wani mai hannu da shuni ya sayi kangon da ke bakinsa, muka wayi gari bulo ya haɗe da katangar maƙwabci. Mai unguwa ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Kansila kuwa tun da aka rantsar da shi wayarsa ta daina shiga.

Na yi sallama, jami'in ya amsa da hanci, idonsa na kan waya. Na ce, "Ranka ya daɗe, takarda ce daga magidantan unguwa." Bai miƙo hannu ba, da haɓa ya nuna min tebur. Sai da ya gama dariyar abin da yake kallo, ya kurɓi ruwan leda, sannan ya ɗago.

"To Malam, lungun naka ne?"

Na ce, "Na jama'a ne, ranka ya daɗe."

"Ina takardarsa?"

Na ɗauka ban ji daidai ba. Takardar lungu! Ashe kakanninmu sun yi sakaci, sun shekara aru-aru suna taka ƙasa ba su nemi rasit ba. Na danne zuciyata na ce masa yanzu in an yi rasuwa sai an zagaya da gawa ta bakin titi, cikin motoci da 'yan a-daidaita-sahu. Bawan Allahn nan ya gyara hula, ya dube ni ya ce, "Ai mamaci ba sauri yake ba. Ku zagaya mana, ƙafa ba ta shan fetur."

Masinjan da ke bakin ƙofa har da tafa hannu, an yi masa abin dariya. Daga nan jami'in ya sassauta murya, wai in muna so a zo a duba sai mu haɗa kuɗin mai. Wato ƙafarmu ce ba ta shan fetur, tasa tana sha. Da ya ga ba zan sa hannu a aljihu ba sai ya turo min takardar, ya ce maganar ƙasa ta gwamnatin jiha ce.

Wannan ita ce dabarar da suka daɗe suna yi mana. Gaskiya ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna. Amma jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, har da raɗa wa layuka suna da sa wa gidaje lamba. In ka je jiha a ce unguwarku awon igiya ce, ba ta cikin taswira. In ka dawo ƙaramar hukuma a ce ka koma jiha. Abin mamaki, masu karɓar harajin shaguna ba su taɓa ɓacewa a unguwar da ba ta cikin taswira ba. Sun san teburin kowace mai ƙosai.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, muka yi ta murna a Facebook. To wane hukuncin kotu ake jira kafin ciyaman ya aiko mutum ɗaya da gwangwanin jan fenti ya shafa wa katangar da aka gina a kan hanya? Jan fentin nan mun san shi, a kan rumfar mai shayi yake sauka, ba ya kama katangar Alhaji.

Mu ma jama'a ba mu da ta cewa. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa masai a tsakiyar layi, wani ya mayar da kan kwata shago, dillalin fili ya yanka hanya ya sayar da ita fuloti. A ƙauye an noma burtali har Bafulatani bai da inda zai bi da shanu, sannan in rikici ya ɓarke a ce shaiɗan ne. Mutumin da ya cinye mana lungu a sahun gaba yake salla, kuma ya sha jin hadisin wanda ya ƙwaci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci. Babu wanda ya iya ce masa uffan, don shi ya saya wa masallacin janareta.

Damina na tafe, kuma kwatar da ke kwashe ruwan gidajenmu ta cikin lungun nan ta bi. In katangun ƙasa suka fara zubewa a kan yara, za ku gan su sun zo da masu ɗaukar hoto da 'yan ƙullin shinkafa, a kafa kwamitin bincike, kuma na rantse jami'in nan ne za a ba sakatare.