A rubuta mana garanti a kan rasit

Watan jiya motata ta tsaya mini tsakanin Maiyama da Koko, rana na tsaka, ina ɗauke da mahaifiyata za mu biki Yawuri. Allurar zafi ta haye ja, kafin in sauka gefen titi tururi ya turnuƙe ta ƙarƙashin bonet. Famfon ruwan da aka ɗaura mini bai cika sati uku ba. Hajiya ta zauna a gindin wata bedi tana fifita da mayafi har bayan la'asar. Da aka buɗe injin a Birnin Kebbi, gaskit ya ƙone, sai da aka kai kan injin wajen masu gurzawa.

Na koma shagon da famfon a leda. Mai shagon ya jujjuya shi ya ce, "Alhaji, kayana orijina ne, bakanikenka ne bai iya ɗauri ba." Bakaniken ya nuna mini fankar ciki, roba ce ta tsage gida biyu, ya ce, "Yallaɓai, wanga kwali kawai aka sayar maka." Rasit ɗin da ke hannuna kuwa an buga masa a ƙasa cewa kaya in ya fita ba a dawo da shi.

Ban ce kowane kayan kasuwa jabu ne ba. Kamfanonin Denso da Aisin su ke ƙera wa Toyota kayan da yawa, kuma suna sayar da su cikin kwalinsu da sauƙin kuɗi. Ɗan Beljiyam mai kyau, wanda aka ciro daga motar da ta yi hatsari a waje, yakan fi sabon jabu daɗewa nesa ba kusa ba. Har na China hawa-hawa ne. Mai shago ya san hawan da ya saro daga kasuwar Ladipo a Legas ko ta Ƙofar Ruwa a Kano. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ya ɗauko hawa na uku ya karɓi kuɗin na ɗaya, har da rantsuwa.

Wasu za su ce ka je wajen dila mana. Yayana ya je. Ya sayi sabuwar mota a Abuja, bayan garantin kamfani ya ƙara kuɗi aka tsawaita masa. Da giyar motar ta fara fizga ya kai musu, suka buɗe littafin sabis suka ce sau biyu an canja baƙin mai a garejin da ba nasu ba, don haka garanti ya faɗi. Mutumin da ke zaune a Birnin Kebbi zai yi tafiyar yini guda, ya ƙona mai, ya kama masauki, don a juye masa baƙin mai? Kuma ina haɗin man inji da giya? Ranar da suke karɓar kuɗinsa sun san garin da yake zaune, adireshinsa na kan takardar. Babu wanda ya karanta masa wannan sharaɗin.

Da can mutum kan haɗiye irin wannan asarar. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kusan duk kayan gyaran nan da dala ake shigo da su. Direban haya da ke zirga-zirga tsakanin Jega da Argungu, in shokozoba ta ci amanarsa sau biyu a wata, kuɗin cefanen gidansa ne ya tafi. In kuma birki ne ko tayarod, maganar ta wuce kuɗi, rayukan fasinja ne.

Akwai doka. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi, kuma rubutun "ba a dawo da kaya" bai soke wannan haƙƙin. A addini ma ɓoye aibin kaya algus ne, kowa ya ji wannan a wa'azi.

Abin da nake roƙon shugabannin masu sayar da kayan gyara da ƙungiyar makanikai ta NATA a Kebbi bai da yawa. A rubuta a rasit: sabo na kamfani, ko ɗan Beljiyam, ko na China, da kwanakin garanti, ko da sati biyu ne. In rigima ta taso, dattawan ɓangarorin biyu su duba kayan su faɗi mai laifi.

Famfon yana nan a but ɗina tare da rasit. Ranar Asabar zan kai wa shugaban kasuwar, kuma bakanikena ya ce zai raka ni.