Kabarin mahaifiyar Lincoln da na maƙwabtanta da aka manta sunayensu

A kudancin jihar Indiana ta Amurka akwai wata 'yar maƙabarta a kan tudu, cikin itatuwa, wadda labarinta ya daɗe yana yi mini yawo a rai, kuma yau na ga ya kamata in kawo shi nan domin 'yan uwa su taya ni dubawa. Maƙabartar ta manoma ce, irin mutanen da suka sari daji suka kafa bukkokin katako a farkon ƙarni na 19, lokacin da Turawa ke ta kutsawa yamma cikin ƙasar da asalinta ta jajayen Indiyawa ce. Ba ta da girma, kuma yawancin waɗanda ke kwance a cikinta babu mai iya nuna kabarinsu ya ce ga wane. Abin da ya hana ta ɓacewa shi ne mace guda da aka binne a wurin, Nancy Hanks Lincoln, mahaifiyar Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16.

Thomas Lincoln, wanda manomi ne kuma kafinta, ya kwaso iyalinsa daga Kentucky a watan Disamba na 1816, watan da Indiana ta zama jiha, ya sauka kusa da wani rafi da ake kira Little Pigeon. Abin da ya kore shi daga Kentucky har da rikicin takardun gona, domin a can ana iya sayar wa mutum fili, ya nome shi shekara da shekaru, sannan wani ya ɓullo da takarda ya ce nasa ne. Abraham yana ɗan shekara bakwai a lokacin. Ba su cika shekara biyu da sauka ba sai wata cuta ta shigo unguwar, wadda mutanen wurin ke danganta ta da madara. Gaskiyarsu kuwa, domin akwai wani tsiro mai farin fure da ke fitowa a inuwar daji, wanda idan ciyawa ta yi ƙaranci shanu kan ci shi, gubarsa ta bi ta cikin nono ta shiga jikin wanda ya sha, sai amai da makyarkyata da kasala su kwantar da shi, cikin 'yan kwanaki ya cika. Su dai a wancan zamani ba su san tsiron ne ba. Cutar ta fara ɗauke Thomas Sparrow da matarsa Elizabeth, dangin Nancy da suka biyo su daga Kentucky, ta ɗauke wata maƙwabciya mai suna Nancy Brooner, sannan ranar 5 ga Oktoba 1818 ta ɗauke Nancy Lincoln kanta.

Mijinta ne ya sassaƙa akwatin gawar da hannunsa, aka kai ta kan tudun aka rufe, ba a kafa wani dutse mai rubutu ba. Ba na ganin laifinsa a kan wannan, domin mutumin da ke fama da abin da 'ya'ya biyu marayu za su ci a lokacin sanyi ba shi da kuɗin sassaƙa dutse, kuma a ganinsa babu buƙata, tunda kowa a unguwar ya san inda aka sa ta. Wannan kalma ta "kowa ya sani" ita ce ta fi tsaya mini a cikin labarin gaba ɗaya, saboda na ji ta a bakin dattawanmu sau ba adadi, kuma ita ce ke cin maƙabartu. Sanin da kowa ya yi yana da wa'adi, yana ƙarewa ne ranar da na ƙarshen masu sanin ya ƙaura ko ya mutu.

Haka kuwa aka yi. Thomas ya sake aure a 1819, 'yarsa Sarah ta rasu wajen haihuwa a 1828 aka binne ta a maƙabartar cocin unguwar, ba kusa da uwarta ba, sannan a watan Maris na 1830 iyalin suka ɗaure kaya suka nufi Illinois. Gona ta koma hannun wasu, maƙwabta suka watse ɗaya bayan ɗaya, daji ya rufe tudun. Bayan an harbe Lincoln a 1865, abokin aikinsa na lauya, William Herndon, ya je yankin yana tambayar tsofaffi labarin ƙuruciyar marigayin, ya tarar da kabarin babu wata alama a kansa, sai da mutanen wurin suka nuna masa. Ku duba fa, wannan uwar mutumin da ya jagoranci ƙasar a yaƙin basasa ce, wanda aka ɗauki gawarsa a jirgin ƙasa ana tsayawa birni birni ana kuka, har zuwa garinsa Springfield a jihar Illinois.

Sai a 1879, shekara 61 bayan rasuwarta, wani attajiri mai suna Peter Studebaker, ɗaya daga cikin 'yan uwan nan masu ƙera kekunan doki a garin South Bend, ya biya aka kafa farin dutse mai ɗauke da sunanta, aka kewaye shi da shingen ƙarfe. Wani abin lura shi ne dutsen ya ce ta rasu tana da shekara 35, alhali lissafin haihuwarta a 1784 yana ba da 34, kuma an kafa shi ne a inda tsofaffin unguwar suka nuna. Daga baya gwamnatin jiha ta karɓi kula da wurin, aka sayi filayen da ke kewaye, aka dasa itatuwa, har a 1962 gwamnatin tarayya ta mayar da shi wurin tarihi na ƙasa domin tunawa da ƙuruciyar Lincoln.

To, a nan ne ra'ayina ya rabu da na masu yaba wannan labari a matsayin misalin yadda al'umma ke girmama magabatanta. Ni abin da na gani shi ne an girmama ɗa, sai uwa ta samu, sai maƙwabta suka samu a bayanta, wato albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Nancy Brooner da iyalin Sparrow sun sha madara iri ɗaya, sun mutu a kaka ɗaya, sun sari daji ɗaya, amma da a ce yaron nan ɗan shekara tara ya girma ya zama manomi kamar ubansa, da tuni garma ta bi ta kan tudun kamar yadda ta bi ta kan ƙananan maƙabartu masu yawa a gonakin Indiana da Illinois da Ohio, inda iyali kan ware ɗan lungu a gefen gona su binne nasu, jikoki su sayar da gonar, mai saye ya ga duwatsun sun tare wa injin noma hanya.

Na san wani zai ce mu Musulmi ne, addini ya hana gina kaburbura da ƙawata su, kuma mamaci addu'a yake buƙata. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma ba ina kira a kafa fararen duwatsu a maƙabartunmu ba ne. Sai dai mun haɗa abubuwa biyu da suka bambanta muka yi musu hukunci ɗaya. Ƙawata kabari daban, sanin inda yake da kare iyakarsa daban. Ya zo a hadisi cewa da aka binne Usman bin Maz'un a Baƙi'a, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora dutse a wajen kansa domin ya gane kabarin, ya kuma binne waɗanda suka rasu daga iyalinsa a kusa da shi. Dutse ne kawai, babu ado, amma ya yi aikin da aka sa shi. Mu kuwa muna kula da Hubbaren Shehu a Sakkwato da kushewar manyan malamai da sarakuna, wanda daidai ne, sai mu bar maƙabartar ƙauye babu shinge, babu takarda a wajen dagaci ko hakimi da ta nuna inda ta fara da inda ta ƙare, har ranar da gari zai faɗaɗa dillalan filaye su zo da igiyar awo.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni har na yi wannan dogon rubutu shi ne kufan da kakanninmu suka tashi daga cikinsa kafin a haife ni, lokacin da rijiyarsu ta ƙafe suka koma bakin hanya. A can aka binne kakan mahaifina, wanda ake cewa shi ya sari wurin, da matansa da 'ya'yan da ƙyanda ta kwashe. Ina yaro, idan mun je gona, Baffa kan nuna wata tsamiya ya ce daga gindinta zuwa wancan suri duk kushewa ce, mu yi sallama mu wuce ta gefe. Bara da na je gida bayan sallah na nemi tsamiyar na rasa, aka ce mini an sare ta an yi gawayi, surin kuma ruwa ya baje shi, wurin duk gero ne ya kai ƙirji. Na koma wajen Gwaggo, wadda ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda aka haifa a kufan, na zauna da littafi da biro na ce ta lissafa mini waɗanda ke kwance a can. Ta kawo tara da sunayensu da na iyayensu, ta goma kuwa ta ce wata Bafulatana ce da ta sauka da shanu ta rasu a gidan, kowa Inna yake ce mata. Mun yi alkawari da ƙanena cewa da zarar an yi girbi za mu ɗauki Gwaggo a mota mu kai ta wurin, ta nuna mana da sandarta, mu kafa turaku a kusurwa huɗu, mu je wajen mai unguwa a rubuta.