Jikokin waɗanda suka yi wa Turawa bore: shaidu ne, ba 'yan cika rumfa ba

Duk garin da ya tashi shirya taron tunawa da mutanensa da suka yi wa mulkin mallaka tsayin daka, abin da kwamiti ke fara yi shi ne sanarwa a rediyo: duk wanda ya san kakansa na cikin waɗanda aka kashe ko aka ɗaure, ya zo ya ba da suna. Niyyar tana da kyau, kuma ina goyon bayanta. Inda nake da ja shi ne abin da ake so a yi da jikokin idan an same su. Galibi ana nemansu ne don su cika layin gaba a rumfa, a miƙa musu takardar yabo, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Ni kuwa a wurina shaidu ne, kuma su ne na ƙarshe da suka rage. Sannan waɗanda suka fi riƙe da labarin ba su ne masu amsa sanarwar rediyo ba.

Matsalar tana farawa ne daga takarda, domin wanda ya yi harbin shi ne ya rubuta rahoton. Inda waɗanda aka kashe ma'aikata ne masu suna a littafin albashi, aikin da sauƙi. Mahaƙa kwal 21 da 'yan sanda suka bindige a mahaƙar Iva ta Inugu ranar 18 ga Nuwamban 1949 suna da sunaye da garuruwan asali, an kuma kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Fitzgerald. Mai neman zuriyarsu yana da bakin zaren da zai kama. Haka sojojin nan uku da aka harbe a Akara ranar 28 ga Fabrairun 1948, wato Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey: tsofaffin sojoji ne, soja kuwa ba ya rasa lamba.

Amma a ɗauki Satiru. Ranar 14 ga Fabrairun 1906, mutanen wannan ƙauye mai nisan kimanin mil 14 daga Sakkwato suka afka wa rundunar da aka tura musu, da gatura da fartanya da kwari da baka. Suka kashe Turawa uku, Hillary da Scott da Blackwood, da sojoji baƙar fata 25, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da gayya. An kashe mutum wajen 2,000, aka kora mata da yara wajen 3,000 zuwa Sakkwato, aka rarraba da yawansu a gidajen manya. Aka rushe garin, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya tsine wa duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Ka je ka buɗe fayil, sunayen Turawan nan uku suna nan da muƙamansu. Daga ɓangaren mutanen gari kuwa, sai jagororin boren, Malam Isa da Ɗan Makaho, da 'yan tsirarun da aka yi wa shari'a. Sauran dubban lissafi ne kawai. (Sojoji 25 ɗin nan ma ba wanda ke neman jikokinsu, alhali su ma 'ya'yan wasu ne.)

To ina jikokin Satiru? Mazan sun mutu a fage. Zuriyar da ta tsira ta wajen mata ta tsira, kuma nasaba a wajenmu uba take bi. Yarinyar da aka kai wani gida ta girma ta haihu, 'ya'yanta suna amsa sunan gidan da ya karɓe ta. Jikanta a yau, idan ka tambaye shi asalinsa, zai lissafo maka kakanni maza har bakwai, bai ambace ta ba. Ga kuma wani nauyin: masana tarihi sun nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda suka taru a Satiru bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. Ke nan wanda ya fito ya ce kakarsa 'yar Satiru ce, ya ɗauko wa kansa abubuwa biyu da mutane ke ɓoyewa, tabon bauta da tsinuwar sarki. Wa zai ji sanarwa a rediyo ya sa babbar riga ya tafi sakatariya ya faɗi wannan?

Ba a nan kaɗai ba ne. A yaƙin matan Aba na 1929 an kashe mata fiye da 50, amma sunan da kowa ya riƙe shi ne na Nwanyeruwa ta Oloko, wadda rigimarta da mai ƙidaya ta kunna wutar. A Caroye ta ƙasar Senegal, inda sojojin Faransa suka buɗe wa tsofaffin sojojin Afirka wuta ranar 1 ga Disamban 1944 don sun nemi haƙƙinsu, hukuma ta ce mutum 35 ne suka mutu, daga baya tsohon shugaban Faransa Hollande ya ce aƙalla 70, masu bincike kuma suna maganar ɗaruruwa. Kaburburan da ke maƙabartar ba su da sunaye. Inda ba a daidaita a kan adadi ba, ina batun sunan ɗa da jika?

Saboda haka idan aka tsaya a kan sanarwa, mutum iri biyu za su cika ofis. Na farko su ne gidajen da dama suna da marubuta da maroƙa, waɗanda tarihinsu a haddace yake. Ba laifinsu ba ne, amma sau da yawa kakanninsu ba a ɓangaren masu boren suke ba. Na biyu su ne waɗanda suka ji ƙishin-ƙishin ɗin diyya. Tambayar farko da mai wannan aiki zai sha ita ce, "Malam, gwamnati za ta biya ne?" Kuma ba tambayar banza ba ce, mutane sun ji labarin Kenya. A watan Yunin 2013 Birtaniya ta amince ta biya fam miliyan 19.9, har da kuɗin lauyoyi, ga mutum 5,228 da aka azabtar a zamanin boren Mau Mau. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne waɗanda aka azabtar ɗin da kansu aka biya, suna raye, ba jikoki ba. Da wasu fiye da 40,000 suka biyo baya, kotun Landan ta yi watsi da ƙarar a 2018 saboda an daɗe. Kwamitin da ya bari aka zaci akwai kuɗi a gaba ya ɓata aikinsa da hannunsa, don daga ranar kowa kakansa jarumi ne. Gara a faɗa tun a sanarwar farko, da babbar murya: babu ko sisi.

Aikin gaskiya ƙafa yake so. A fara da takarda, i, amma a karanta ta da sanin wanda ya rubuta. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin larduna, akwai Gidan Arewa, akwai cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai na Kew a Landan da na Aix-en-Provence ga ƙasashen da Faransa ta mallaka. Ba rahoton Razdan kaɗai ake dubawa ba. Littafin haraji, da rajistar gidan yari, da littafin alƙali inda ake rubuta 'yanta bayi da rabon gado, sun fi tona asirin talaka, don a can ake rubuta sunansa da na ubansa da unguwarsa. A kuma sani cewa rashin suna a fayil ba hujja ba ne. Birtaniya da kanta ta amsa a 2011 cewa ta ɓoye dubban fayilolin mulkin mallaka a wata ma'ajiyar gwamnati da ke Hanslope Park a Ingila, wasu kuwa an ƙone su tun lokacin miƙa mulki.

Daga nan sai a shiga gidaje, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Tawaga ta maza zalla takan sauka a ƙofar mai gari, a shimfiɗa tabarma, a kira dattawa. Dattijo zai faɗi abin da ya dace a faɗa a gaban mai gari. Labarin kuwa yana cikin gida, wajen tsohuwar da ta yi wa kakarta tsifa tana yarinya. Ita ba za ka ce mata "Iya, ba mu tarihin boren 1906" ba, don ba da wannan sunan ta san shi ba. Mace 'yar'uwarta ce za ta zauna kusa da ita ta tambaya: "Iya, kakarki daga ina aka kawo ta? Tsagen fuskarta irin na gidan nan ne? Wace waƙa take yi in tana daka?" Sai ka ji ta yi shiru, ta ce, "Ai ita ba ta son a tambaye ta garinsu." Wannan jimlar kaɗai ta fi takardar yabo goma daraja, kuma ba za ta taɓa fitowa a lasifikar taro ba.

Lokaci kuma ba ya jira. A yi lissafi: yarinyar da ke da shekara 10 a 1906, in ta kai 80, ta rasu a 1976. Jikar da ta zauna da ita tana 'yar shekara 15 a lokacin, yau ta haura 60. Wato har yanzu akwai masu rai da suka ji daga bakin wanda ya gani da idonsa. Nan da shekara 20 sai dai "an ce".

Akwai masu cewa duk wannan wahalar ta mece ce, tunda jarumtaka ba gadonta ake yi ba, kuma abin da mutanen nan suka yi na kowa ne. Rabin maganarsu gaskiya ce, kuma rabin nan yana da muhimmanci. Saurayin da aka kashe bai yi aure ba, ba shi da jika da zai zauna a rumfa, amma jininsa bai fi na kowa arha ba. In aka mai da nasaba tikitin shiga, an sake binne shi. Shi ya sa nake ganin allon tunawa ya ɗauki duk sunan da aka samu, mai zuriya da marar zuriya, a kuma rubuta ƙarara cewa akwai ɗaruruwa ko dubbai da ba a gano sunansu ba. Amma cewa a bar neman jikokin gaba ɗaya, wannan ban yarda ba, don in aka bar su, abin da ya rage shi ne rahoton wanda ya yi harbin.

Abu mafi wuya shi ne jikokin ɗaya ɓangaren: na dogarin da ya nuna hanya, na tafintan da ya kai rahoto, na mahayin da ya bi masu gudu. A gari ɗaya suke da jikokin waɗanda aka kashe, sun yi auratayya, wani ma jini biyun ne a jikinsa. Ba a shirya taron don a kunyata su ba, ba su suka yi ba. Amma kada a gyara labarin don babban baƙo ya ji daɗin zama. In masarauta ce ta taya Bature, a faɗa cikin ladabi, a kuma faɗi halin da take ciki a lokacin, wanda a batun Satiru shekara uku ne kacal bayan an ci ƙasar da yaƙi. Gidajen nan ma a shiga a yi tambaya, sau da yawa su ne ke da wasiƙu a cikin adaka.

Wanda kuma aka gano shi ya ce ba ya so a ambaci sunansa, a ƙyale shi. A naɗi muryarsa in ya yarda, a rubuta sharaɗin da ya gindaya, ko da cewa ya yi kada a saki sai bayan ransa. A ajiye kwafi ɗaya a jami'a ko gidan tarihi mafi kusa, ɗaya a hannun iyalin, don kwamitin taro yakan watse da zarar an kwashe kujeru, wayar sakatare kuma tana iya faɗawa ruwa.