A kan kantar caji ofis ake gina amana

A yi ta taron 'yan sanda da jama'a, a jera kujeru, DPO ya yi jawabi, liman ya rufe da addu'a. Babu abin da zai sauya muddin gaban talaka na faɗuwa idan aka ce ana nemansa a caji ofis.

Ku dubi ƙwacen waya da faɗan daba a Kano. Mutanen Ɗorayi da Kurna sun san yaran nan, sun san iyayensu, sun san lungun da ake sayar musu da ƙwaya. Me ya sa suke kama bakinsu? Mutum ya kai rahoto da safe, kafin magariba ɗan daban ya ji sunansa. Ko ya je ba da shaida a ce ya shiga bayan kanta tukuna, sai 'yan'uwa sun haɗo kuɗi. Wanda aka taɓa yi wa haka, ko a ƙofar gidansa aka sari wani, cewa zai yi bai gani ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, doka tana bayan talakan nan. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a tafiya da uba don ɗansa ya gudu. Ta hana kama mutum a kan rikicin bashi. Beli kyauta ne, har rubutawa ake yi a bango. Amma mutum nawa ne suka fito ba tare da an miƙa wani abu ba?

Ban manta da halin kurtu ba. Ofishin da babu man mota, babu takardar rubuta bayani, a aljihun mai ƙara zai nema. Wannan laifin gwamnati ne, ita ce za ta riƙa bai wa kowane caji ofis kuɗin aiki duk wata.

Tun 1984 ake da kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, amma a wurare da yawa masu hannu da shuni ne suka cika shi. Ni a ganina a saka mai unguwa, da 'yan adaidaita sahu, da mata, da 'yan kasuwar waya, a ba su damar leƙa sel kowane mako su tambayi wanda ke ciki laifinsa da kwanansa nawa. Wanda kuma ya tona sunan mai ba da rahoto, a hukunta shi unguwa ta sani.