DePaul da Yaran Shikago: Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

A kakar wasa ta 2023 zuwa 2024, ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Jami'ar DePaul da ke birnin Shikago a Amurka ta buga wasa 32, ta ci uku. A rukuninta na Big East kuwa wasa 20 ta buga, ko ɗaya ba ta ci ba. Tun kakar ba ta ƙare ba aka sallami kocinta Tony Stubblefield a watan Janairu. Rabon jami'ar da shiga babbar gasar watan Maris, wadda ake fitar da zakaran jami'o'in ƙasar a cikinta, tun 2004.

Abin da ya sa labarin ya tsaya mini a rai shi ne garin da jami'ar take. Makarantun sakandaren Shikago ne suka fitar da Derrick Rose, da Anthony Davis, da Jabari Parker, da Jahlil Okafor. Rose ya tafi Memphis, Davis ya tafi Kentucky, Parker da Okafor suka nufi Duke. Duka huɗun an ɗauke su cikin ukun farko a zaɓen 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon kwando ta Amurka, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya saka rigar DePaul. Ga rijiya a ƙofar gida, ga mai gida yana kwana da ƙishirwa.

Ga wanda bai saba da tsarin ba: a Amurka jami'a ce babbar hanyar da yaro ke bi daga sakandare zuwa NBA. Jami'a tana ba shi gurbin karatu da masauki da abinci, shi kuma ya buga mata wasa. Saboda haka aikin koci ba ya ƙarewa a filin atisaye. Rabinsa yawo ne: zuwa kallon yara a makarantunsu, zama da iyaye a falo, kiran kocin sakandare a waya har sai an saba.

DePaul ta taɓa sanin wannan aiki fiye da kowa. Ray Meyer ya horar da ƙungiyar daga 1942 zuwa 1984, shekara 42 cur, ya yi nasara a wasa 724. Tun a farkon zamaninsa ya raini George Mikan, ɗan garin Joliet da ke kusa da Shikago, wanda daga baya ya zama babban tauraron NBA na farko. A 1978 Mark Aguirre ya zo daga sakandaren Westinghouse da ke yammacin birnin, kuma a shekararsa ta farko ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Indiana State ta Larry Bird ta fitar da ita da tazarar maki biyu. Terry Cummings ya biyo baya daga sakandaren Carver da ke kudancin birnin. An ɗauki Aguirre na ɗaya a zaɓen NBA na 1981, Cummings na biyu a na 1982. A wancan lokaci tashar talbijin ta WGN tana nuna wasannin DePaul a faɗin ƙasar, don haka yaron Shikago ba ya buƙatar barin gari kafin duniya ta gan shi.

Duk lokacin da aka naɗa sabon koci a DePaul, maganar da magoya baya ke yi ɗaya ce: a dawo da yaran gida. Na yarda da su, amma ban yarda da hoton da ke cikin ransu ba. Yawanci abin da suke nufi shi ne a samo wani sabon Aguirre, yaro guda mafi shahara a birnin, ya zo ya ɗaga ƙungiyar da kafaɗarsa. An gwada wannan. A 1998 koci Pat Kennedy ya haɗa Quentin Richardson daga Whitney Young, da Bobby Simmons daga Simeon, da Lance Williams daga Julian, duka 'yan makarantun gwamnati na birnin. Gari ya ɗauka. Ƙungiyar ta shiga gasar watan Maris a 2000, Kansas ta fitar da ita a wasan farko. A wannan shekarar Richardson ya wuce NBA bayan kaka biyu kacal, Simmons ya bi sahunsa a 2001. Eddy Curry, wani dogon yaro daga sakandaren Thornwood da ya riga ya yi wa DePaul alƙawari, bai ma taka jami'ar ba, kai tsaye ya tafi Chicago Bulls. A 2002 Kennedy ya bar aikin.

Ban ga laifin yaran ba ko kaɗan. Yaron da ya tashi a gidan da ake lissafin kuɗin haya kowane wata, aka ce ga miliyoyin daloli suna jiransa, wa zai ce masa ya dakata? Abin da nake cewa shi ne ƙungiyar da ke ƙasa ba ta da ƙarfin da za ta gina kanta a kan irin wannan yaro. Idan ta same shi, shekara ɗaya ko biyu ne. Galibi ma ba ta samunsa, sai dai kocinta ya ɓata shekara biyu yana bin sa, a ƙarshe Duke ko Kentucky su zo su ɗauke, alhali a wannan tsakani wasu yara goma da za su iya amfanar ƙungiyar sun watse zuwa wasu jami'o'i ba tare da an ko kira su ba.

Misalin da ya fi gamsar da ni yana cikin birnin, 'yan kilomitoci kaɗan arewa da DePaul. Jami'ar Loyola ta ɗauki Porter Moser a 2011, kuma a kakarsa ta farko wasa bakwai ya ci, ya faɗi 23. Jami'ar ta yi haƙuri da shi. Ya samo Milton Doyle, ɗan sakandaren Marshall. Daga nan Donte Ingram ya zo daga Simeon, makarantar da ta fitar da Rose da Parker, sai dai shi ba sunansa ake kira a jaridu ba. Lucas Williamson ya zo daga Whitney Young, Cameron Krutwig daga wani gari a wajen birnin. A 2018 Loyola ta shiga gasar watan Maris karon farko tun 1985. Ingram ne ya jefa ƙwallon da ta kayar da Miami daidai lokacin da agogo ke ƙarewa, kuma ƙungiyar ba ta tsaya ba sai da ta kai huɗun ƙarshe. Gaskiya ne ba duka 'yan wasanta ne 'yan gida ba, akwai biyu daga jihar Kansas da ɗaya daga New Jersey cikin ginshiƙanta. Amma yaran gidan ne suka zauna. Shekara uku bayan haka, a 2021, Krutwig da Williamson suna nan, sun girma, sun san juna kamar yunwar cikinsu, suka fitar da Illinois, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi huɗu da aka fi tsoro a gasar.

Ita kanta Illinois ɗin ɗan Shikago ne ya farfaɗo da ita: Ayo Dosunmu, wanda iyayensa 'yan asalin Najeriya ne, ya fito daga sakandaren Morgan Park. A shekararsa ta farko ƙungiyar ta ci 12 ta faɗi 21. Bai gudu ba. Ya yi shekara uku, ya bar ta tana cikin manya. Zaman da ya yi shi ne ya yi aikin, fiye da sunan da ya zo da shi.

DePaul ma tana da irin wannan darasi a tarihinta na baya-bayan nan, ban sani ba ko ta karanta shi. Max Strus ya yi sakandare a kudu maso yammacin Shikago. Manyan jami'o'i ba su waiwaye shi ba, sai ya tafi Lewis, ƙaramar jami'a da ke buga wasa a mataki na biyu. Sai da ya yi shekara biyu can sannan ya koma DePaul. Ba a ɗauke shi a zaɓen NBA na 2019 ba, amma a 2023 yana cikin 'yan wasa biyar da Miami Heat ke farawa da su a wasannin ƙarshe na cin kofi. Tambayar da nake yi ita ce, irin Strus nawa ne ke gama sakandare kowace shekara a cikin tafiyar awa ɗaya daga harabar DePaul?

Akwai hujja mai ƙarfi da ake kawowa a kan wannan ra'ayi, kuma ba zan kauce mata ba. Zamani ya canja. Tun 2018 aka buɗe rajistar sauya sheƙa, inda ɗan wasa ke saka sunansa idan yana son barin jami'arsa. A 2021 aka soke dokar da ke tilasta wa mai sauya sheƙa zaman shekara guda ba tare da wasa ba a karon farko, kuma daga 1 ga Yuli na wannan shekarar aka halatta wa ɗalibai samun kuɗi da sunansu da hotonsu. A watan Yunin 2025 wata kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko. To, masu wannan hujja sukan ce, me ya sa koci zai ɗauki yaro ɗan shekara 18, ya sha wahalar rainonsa, da zarar ya nuna sai mai kuɗi ya zo ya tsinke? Ba gara ya ɗauko ɗan shekara 22 da ya riga ya gogu a wani wuri ba? Chris Holtmann, wanda DePaul ta naɗa a watan Maris na 2024 bayan ya bar Ohio State, hanyar da ya bi ke nan a shekararsa ta farko. Kusan ƙungiyar gaba ɗaya ya sake da masu sauya sheƙa, kuma nasarori suka tashi daga uku zuwa 14.

Ban zarge shi ba. Wanda gidansa ke ci da wuta ba ya tsayawa shuka bishiya. Amma ɗan wasan da ya zo da saura shekara ɗaya a karatunsa gatarin aro ne, kana sara za ka mayar. Kowace bazara sai koci ya koma kasuwa, ya yi ciniki da jami'o'in da suka fi shi aljihu, ya sake koya wa sabbin mutane tsarin wasa daga farko. Kuma a wannan kasuwa abu ɗaya ne DePaul ke da shi wanda Kentucky ba za ta iya saye ba: kusanci da gida. Yaron da mahaifiyarsa ke iya shiga jirgin ƙasa ta zo kallonsa bayan ta tashi daga aiki, wanda ƙannensa da kocinsa na sakandare ke zaune a bayan benci, yana da dalilin zama wanda baƙo ba shi da shi. Ba kowa wannan dalili zai riƙe ba. Wasu za su tafi idan an ninka musu kuɗi, wasu kuma tun farko so suke su yi nisa da unguwa da rigingimunta, kuma wannan haƙƙinsu ne. Amma idan cikin huɗu biyu suka zauna, ka sami waɗanda za su riƙe ƙungiya su nuna wa sabbin zuwa yadda ake yi.

Sannan akwai maganar 'yan kallo. Daga 1980 zuwa 2017 DePaul tana buga wasanninta na gida ne a Rosemont, can kusa da filin jirgin sama na O'Hare, nesa da ɗalibanta da unguwannin da yaran ke fitowa. Lokacin da ake cin wasa mutane sun jure tafiyar. Da nasara ta ɗauke, sai kujeru suka zama wayam. Yanzu tana da zauren Wintrust mai ɗaukar mutum kusan dubu goma a kudu da tsakiyar birni, kusa da makarantun da ta daɗe tana yi wa kallon nesa. Gini kaɗai ba ya kawo mutane. Mutumin unguwa zai sayi tikiti don ya ga yaron da ya san mahaifinsa, tun kafin ƙungiyar ta fara cin wasa.

Abin da ya fi damuna a duk wannan muhawara shi ne yadda ake maganar yaran kamar kaya. Jami'o'i sama da 350 ne ke buga wasa a mataki na farko, NBA kuwa 'yan wasa 60 take zaɓa a shekara, har da na ƙasashen waje. Mafi yawan yaran da koci zai zauna a falon iyayensu ba za su taɓa cin abinci da NBA ba. Abin da za su tafi da shi shi ne digiri, da mutanen da suka sani. Yaron da ya zaga jami'a uku cikin shekara huɗu sau da yawa yakan yi asarar wasu darussan da ya riga ya ci, kuma ya bar kowane wuri kafin a san shi. Wanda ya yi shekara huɗu a garinsu kuwa, ranar da ƙwallo ta ƙare, tsofaffin ɗaliban jami'ar da ke riƙe da kamfanoni da ofisoshi a birnin sun san fuskarsa. DePaul jami'ar Katolika ce da aka kafa a 1898 da sunan Vincent de Paul, malamin addinin da ya shahara da hidimar talakawa, kuma ta daɗe tana alfahari da karɓar 'ya'yan da su ne na farko a gidansu da suka shiga jami'a. Yaran kudanci da yammacin Shikago su ne ainihin waɗanda aka gina ta dominsu.

Aikin yana da tarkonsa. Ƙungiyar da ta matsu takan yi gaggawa, gaggawa kuma takan kai ta ga karya doka. A 2019 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta saka DePaul a ƙarƙashin sa ido na shekara uku, ta dakatar da kocinta Dave Leitao wasa uku, saboda an tura wani ma'aikaci ya zauna tare da wani yaro da ake nema don a tabbatar ya kammala darussan da za su ba shi damar wasa. Irin wannan labari yana yawo a tsakanin kocin sakandare da iyaye, kuma amanar da ya ci ba ta dawowa da wuri.

Da ni ne ke ba Holtmann shawara, da na ce ya ci gaba da cike gurbi da masu sauya sheƙa, tun da dole ne a ci wasa kafin a saurare ka. Amma cikin gurabe 15 da doka ta ba shi, ya ware biyu ko uku kowace shekara ga yaran da suka gama sakandare a Shikago da kewayenta, ba tare da jiran wanda jaridu suka naɗa sarki ba. Tun da DePaul ba ta da ƙungiyar ƙwallon Amurka da za ta lashe kaso mafi tsoka na kuɗin da ake raba wa 'yan wasa, ya tanadi wani ɓangare don riƙe yaran a shekararsu ta biyu da ta uku, lokacin da masu kuɗi ke fara kiran waya. Mataimakansa kuma su riƙa zuwa Simeon da Morgan Park da Whitney Young har a shekarar da babu tauraro a can. Hukumar jami'ar ita ma tana da nata: Loyola ta jira Moser kaka bakwai kafin ya kai ta gasar watan Maris, Stubblefield kuwa bai cika kaka uku a DePaul ba.