Ba saitin tsirkiya yake ba, kiɗan ke nan

Tun jiya abin nan yake cina a rai wallahi. Ɗan bidiyon kiɗan lut ɗin nan (tsohon abin kiɗan Turawa mai tsirkiya, kamar molo) da na ɗora, minti uku kacal, wani bawan Allah ya zo ƙasa wai "yaushe zai gama saita tsirkiya ya fara kiɗan?" jama'a kuma aka bi shi ana ta dariya. Sannu gwani, an gaishe ka.

Malam ba saiti yake ba, kiɗan ke nan.

Abin da ka ji tokata ce ta Kapsberger, wani makaɗin lut ɗan wani sojan Jamus da ya yi rayuwarsa a Italiya, littafinsa na lut an buga shi a birnin Rum a 1611, tokata takwas ne a ciki. Kalmar tokata ma daga "taɓawa" ta fito a Italiyanci, wato makaɗi ya taɓa nan ya taɓa can, ya ruga da gudu, ya tsaya cak, ya saki wani sauti mai ɗaci ya bar ka rataye kafin ya warware shi. Da gangan ne. A rubuce yake a takarda shekara ɗari huɗu da suka wuce, har da wurin da yatsa zai danna, don masu lut ba sautin suke rubutawa ba, wurin sa yatsa suke nunawa, Italiyawa da lambobi Faransawa da haruffa.

Kuma ku duba abin kiɗan kansa. Tsirkiyarsa ta hanjin tunkiya ce, bibbiyu ake jera su, a zamanin ya kai jeri goma, tsirkiya 19 ke nan a kan ƙoƙon katako marar nauyi. Kana taɓawa sautin ya fara mutuwa, ba ya jira. To mai hankali ya zai yi? Sai ya warwatsa sautukan ɗaya bayan ɗaya yadda kafin wannan ya mutu wancan ya tashi. Mutanen Faransa irin su Ennemond Gaultier suka mayar da wannan salo nasu, har masu harfsikod (abin kiɗa mai kama da fiyano) suka dawo suna kwaikwayon masu lut. Shi ne kai kunnenka ya ce maka saiti ake.

Wani ya ce ai ba ganga ba amshi, ba abin takawa. To sai me? Ba don filin biki aka yi shi ba, na ɗaki ne, mutum ɗaya yana kaɗa wa mutum biyar ko shi kaɗai ma. Wata kuma ta ce tana saka irinsa ne in za ta yi barci. Allah ya ba da barci mai daɗi Hajiya, amma ba maganin barci ba ne.

Maganar gaskiya ni ma ranar da na fara ji ban gane komai ba. Sai wani dare da aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, na sa abin kunne, nan na ji har ƙarar yatsan mutumin yana zamewa a kan tsirkiya, da numfashin da ya ja kafin ya shiga wurin gudun, tsigar jikina ta tashi. Wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi ko mai molo yana kaɗa wa kansa bayan kowa ya watse ya san abin da nake nufi.

Eh na sani lut akwai wahalar saiti, tun a 1713 wani Bajamushe Mattheson ya yi musu shaguɓe wai mai lut in ya shekara 80 to 60 a saiti ya ƙarar da su. Ka ga ko barkwancin naka ma an riga ka. Akwai ma wani Bature ɗan Ingila, Thomas Mace, da ya rubuta a 1676 cewa a riƙa ajiye lut a cikin gado tsakanin barguna saboda laima, ya kuma ja kunne kada wani ya zo ya faɗa a kai. Ni ko remot na bari a kan gado a gidan nan sai na tsince shi a ƙarƙashin wani yaro.